Gwangwanin Shayi

Shekara goma sha ɗaya ina bin tsofaffin takardu,
har mutanen Tawa suka sa mini suna Gara.
Ban yi musu ba.
Ni da ita wurin kiwonmu ɗaya,
sai dai ita ci take yi, ni ajiya.

Ran Lahadi, kasuwa na tsakar ci,
Nomau baduku ya ja ni bayan rumfarsa,
ya miƙo gwangwanin shayi da tsatsa ta ɗinke wa baki.
Ya ce kakansa ya yi wa wani Bayahude dillancin fata,
Yamin, ɗan babban malaminsu ne a can bayan hamada.
Ya bar wannan amana, wai zai dawo bayan damina.
Damina ta yi ta zuwa ita kaɗai.

Wasiƙa bakwai, tawada ta koma launin jar kanwa.
Rubutun daga dama yake tashi, kamar namu,
amma kowane baƙi tsaye yake shi kaɗai,
ba ya riƙe hannun ɗan'uwansa.

Na kai wa Malam Attahiru. Ya juya, ya juya,
ya ce wannan ba gonarsa ba ce.
Na kai wa Fasto Ango, wanda ya taɓa koyon Ibrananci,
ya ce baƙaƙen ya san su,
maganar ce ba ta shiga kunnensa.

Sai na shimfiɗa tabarma ɗaya, na ɗora shayi.
Fasto na furtawa a hankali, kamar mai taka ƙaya,
can Malam ya ɗaga kai:
«Tsaya! Ai Larabci ne, ya sa rigar aro.»
Ɗaya da ido, ɗaya da kunne,
har magariba ta raba su.

Na zaci zan ji hukuncin Attaura,
ko sirrin da manya ke rufewa da rawani.
Ga abin da babban malami ya rubuta:

Yamin, uwarka na tari tun sanyin bara.
Takalmin da ka aiko ya matse ni, na ba ƙaninka.
Kada ka ci bashi don ka yi mana tsaraba.
Freha ta haihu, mace, hancinka ne a fuskarta.
Ka ci abinci.

A ta bakwai hannun ya soma rawa,
layin na gangarowa kamar ruwa a kan tudu.
Kalma uku aka soke, aka sake rubutawa:
yaushe za ka zo.

Malam ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.
Nomau ya ƙi karɓar ko dala,
ya ce ba a sayar da ajiyar wani.
Na naɗe su a farin ƙyalle, na barbaɗa ganyen dogonyaro.

Da dare na ɗauko biro.
Ɗana na Yamai, wata huɗu ban ji shi ba.