Taku Uku

Bulo ɗari biyu na jibge a ƙofar gida a Tukur-Tukur,
yashi tifa guda, awaki na barci a kai.
Ɗaki nake so in ƙara wa Iya,
gwiwarta ta daina shiri da dakalin cikin gida.

Sallau magini ya ja igiya,
ya kafa turke har bakin kwata.
Ya ce, "Ubanka da ƙafa ya auna gidan nan,
wa ya tambaye shi takarda?"

Ran Talata sai ga Bilhatu daga ofishin tsara gari,
tef a jaka, gwangwanin jan fenti a hannun yaronta.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta gaida Iya har ƙasa, ta sha ruwan randa,
sannan ta tsuguna tana ƙirga.

"Rumfa," ta ce, "ba ruwanmu da ita,
in dai ginshiƙi ne da kwano, iska na ratsawa.
Yaɓe, fenti, gyaran indararo, duk naka ne.
Amma ka haƙa harsashi, ka ɗora linta,
sai da zane, sai da hatimi.
Kuma tsakaninka da Ɗangana ka bar taku uku."

Taku uku!
A filin da bai kai shimfiɗar tabarma huɗu ba.
Na ce a raina, gidan gado ne ko na haya?

Daren nan aka tsuge da ruwan Agusta.
Na fito da tocila.
Ruwa ya bi lungun da nake shirin toshewa,
ya wuce ƙarƙashin tagar Ɗangana
inda jikarsa ke bita da fitilar caji,
ya faɗa kwata, ya nufi Kubanni,
bai nemi izinin kowa ba.
Turken Sallau na iyo a baya.

Da safe Iya ta ce, "Ni fa ɗaki ya ishe ni.
Shekara saba'in ina kallon bango.
Yi mini inda zan ga masu wucewa."

Na sayar da bulon, da faɗuwa.
Na sayo kwano bandir ɗaya da katako.
Ga ta can kan kujerar roba,
carbi a dama, rediyo a hagu,
tana riga ni sanin farashin tumatir.

Fom ɗin na cikin akwati, ban cike ba.
Wataƙila baɗi, in masara ta yi kuɗi.
Taku ukun kuwa, lalo ne ya fito a wurin,
Ɗangana na tsinka, mu ma muna tsinka.