Ta Dama Muke Shiga

Bayan isha'i, a Asawase,
cikin ajin da yara suka bari da ɓawon gyaɗa,
nakan goge allo in jira ɗalibaina:
su bakwai ne, ƙaraminsu ya haife ni.

Baba Seidu mahauci ne a Kejetia.
Riƙon wuƙa yake yi wa alli,
ya faro rubutu daga dama.
"Baba, Turanci ta hagu yake shiga."
Ya ce, "Shi ya sa ba ya sallama."

Wata uku muna fama da b da d,
tagwayen da ba sa ga maciji.
Ran da ya karanta takardar asibiti da kansa
bai ce uffan ba,
hula kawai ya cire, ya mayar.

Jiya na kawo masa wasiƙar kakana,
ajami ce, shekara arba'in a ƙasan adakar uwata.
Ya kwankwaɗe ta kamar ruwan randa.
Ni mai alli, ko harafi ɗaya ban tsinta ba.

Ya turo mini benci da ƙafa.
"Zauna, Fuseina.
Mu ta dama muke shiga."