Haƙorin Bonina

Ni na fara gani, ba Baba ba.
Ranar Talata, gajimare ya sauko kan tsibirin San Jorji
har ba ka bambance teku da sama,
na je tatsa da bokiti biyu,
na tarar da curin ciyawa a gindin katangar dutse,
jiƙaƙƙe, an tauna rabi an yar,
kamar lomar da yaro ya ɓoye wa uwarsa.
Gaba kaɗan ga wani. Na ƙirga bakwai.

Shanu goma suna kwance suna tuƙa,
muƙamuƙi na juyawa kamar dutsen niƙa,
ba gaggawa, ba fashi.
Bonina kaɗai ta karkace kai hagu
tana tauna da gefe guda.
Sai ta tsaya cak, kamar mai sauraren
wata magana a cikin bakinta,
dalala kore-kore na tsiyaya har ƙasa.
Ta kai baki kwami, sanyin ruwa ya taɓa ta,
ta zabura baya kamar an tsikare ta.

Na gaya wa Baba Amaro.
Ya ce, "Tsufa ne, Diyolinda.
Shekara goma sha uku tana yankar tudun nan,
ko lauje ne ai ya dakushe."
Yana faɗa yana tsoma burodin masara a madara,
yana jira ya yi laushi,
shi ma kansa a karkace, hagu.
Na haɗiye abin da ya zo bakina.

Mako bai cika ba hantsa ta saki.
Mai awo a gidan cuku ya dubi tuluna,
ya dube ni ta saman tabarau.
Ƙashin ƙugunta ya soma leƙowa,
mai sayen na yanka ya soma gaishe mu da fara'a.

Likita Idalina ta zo ran Asabar cikin yayyafi.
Ta shafa muƙamuƙi, ta tsaya kan kumburi
mai girman ƙwan kaza, da zafi jau.
Ta sa ƙarfe ta wage bakin,
tocila a goshi, hannu ya shige har ya ɓace.
Wani wari ya bugo, na kau da fuska.
Ta ce, "Giɓin gaba na sama kar ya dame ku,
haka aka halicce su, dasashi ne mai tauri.
Ɓarnar tana can ƙurya, wajen turame."

Ta zaro tsakuwa, baƙa wuluk,
irin gadon da dutse mai aman wuta ya bar mana,
ta maƙale tsakanin turmi biyu
har ta tsaga ɗaya gida biyu.
Dama yana girgiɗa. Bai yi gardama sosai ba.
Ta wanke ramin, ta yi allura,
ta ɗora haƙorin a tafin Baba.
Ya juya shi, ya sake juyawa,
harshensa na lalube cikin kumatu.

Shi da ya ce tsufa ne,
shi ke tashi kafin ni yana jiƙa mata dusa da ruwan ɗumi,
yana tsince ciyawa ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar wake.
Mai sayen na yanka ya zo, ya koma da igiyarsa.

Rana ta tara, da yamma, iska ta kwanta.
Bonina ta durƙusa, ta miƙa wuya,
loma ta hau maƙogwaro muna kallo.
Baba na ƙirga da leɓe:
hamsin da biyu, ta haɗiye,
ko ƙwayar ciyawa ba ta faɗi ba.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta...
to, Bonina ba ta da gemu, amma Baba yana da shi.
Muna gangarowa gida bai dube ni ba,
teku yake kallo, hannu a kunci, ya ce,
"Wannan mai cire haƙorin na garin Belas,
ran Litinin yana buɗewa?"