Daren Kasafi a Ulanbato

Ƙarfe biyun dare, hayaƙin kwal ya rufe taurari.
Tungalag, ministar kuɗi, ta tuɓe takalma ƙarƙashin tebur,
shayin madara mai gishiri ya huce a kofi.

Gobe za ta tsaya gaban majalisa
da bargo ɗaya na mutum miliyan uku.
In ta ja shi kan malaman makaranta,
ƙafar asibiti ta leƙo waje.

Farashin tagulla ya faɗi tun kaka.
Masu bin bashi ba ruwansu da kaka,
ranar biya suka sani.

A kwastan na kan iyaka ta fara,
tana ƙirga manyan motoci da yatsun da sanyi ya ƙandare.
Can ta koyi cewa a'a
ba tare da ɗaga murya ba.

Waya. Babanta ne, Dorjsuren, daga wurin kiwo:
ƙanƙara ta binne ciyawa,
tumaki arba'in sun kwanta, ba su tashi ba.
Bai roƙi komai ba.
Ya ce, kin ci abinci?

Ta buɗe shafi na sittin da ɗaya,
layin harawar agaji,
inda jan alƙalaminta ya ratsa tun jiya.
Ta daɗe tana kallo.
Sai ta soke sababbin motocin ministoci,
har da tata,
ta sake lissafi daga sama.

Bai kai ba. Saura biliyan tara.
Ta miƙe ba takalmi,
ta ɗora wani shayin.