Ɗaki Huɗu

Shekara sha tara ina gyaran injin ban-ruwa a Ajiwa,
kunnena kan san ciwon famfo tun ba a kwance shi ba.
Yau ga ni a asibitin Katsina, takalmi a bakin ƙofa,
na wanke hannu sau biyu, baƙin mai ya ƙi barin farce.

'Yata bakwaini ce.
Tana cikin kwalba, ba ta kai tiyar gero nauyi ba,
ko suna ba ta da shi tukuna,
sai 'yar takarda a ƙafa: jaririyar Barira.

Likita Sahura ta ɗumama man a tafin hannunta
kafin ta shafa a ƙirjin da yatsuna uku za su rufe.
Ta ɗora kan na'ura, tana karkata shi a hankali
kamar mai laluben tasha a rediyo.

Allo ya yi toka-toka, ruwan da aka dama,
sannan ya kwanta.
Ga ɗaki huɗu.
Ga ƙyamare sirara kamar ɓawon albasa
suna buɗewa, suna rufewa, ba mai taɓa su.
Ta danna wani wuri, launi ya zubo,
ja mai tahowa, shuɗi mai komawa.

Bakina ya riga ni:
"Likita, can gefe akwai yoyo."
Ta juyo. "Mece ce sana'arka?"
"Famfo."
Takunkumi ya ɓoye murmushin, ido ya tona shi.

Ta ce 'yar hanya ce, kowane jariri da ita yake zuwa.
Ɗan wata tara na gadon can,
ƙaton da kakarsa ke leƙowa ta taga tana yi wa kirari,
an duba shi da safe, tasa ta rufe a kwana biyu.
"Taka ta yi sammako ne,
ba ta tsaya kulle gida ba."
Ta auna faɗin hanyar, ta rubuta lamba.
Za a ba da magani, a sake dubawa ran Alhamis.

Ni da ba yoyon da ya taɓa kwana a hannuna,
ko da tsohuwar robar keke ce sai na ɗaure shi,
na tura hannuwa aljihu.

Sai ta kunna sauti.
Fut-fut-fut-fut, ɗari da hamsin a minti guda.
Da inji ne, da tuni na kashe kada ya ƙone.
Ta ce, "Nata gudun ke nan. Daidai ne."

Barira na jira a ɗakin masu jego, ɗinki bai bar ta tashi ba.
"Me suka gani?"
Na ce, "Inji na aiki. Saura ɗauri ɗaya,
kuma ba ni ke da sifanar ba."

Ta ƙirga da yatsu, ta ce Alhamis ce kwana bakwai.
Ban sayi rago ba tukuna.
Amma na tsaya a bakin kara da yamma,
na taya wani fari mai baƙin kunne.