Famfo Ɗaya a Rikkos

Ɗan akwati bisa firji,
koren idonsa yana ƙiftawa,
shi ne famfon gidanmu.
Bokiti huɗu, bututu ɗaya.

Huwaila ta tara nata tun magariba,
malaminta ya daskare a allo,
baki buɗe, kalma ta maƙale masa.
Nafi'u ya rantse ba shi ba ne,
alhali wasan ƙwallo yake saukewa
mai nauyin buhun dankalin Bokkos.

Ni takarda ce guda,
lissafin albashin ofis,
amma da'irar nan sai zagaye take
kamar akuya a turke.

Na miƙe zan katse kowa.
Ƙofar Inna ta tsayar da ni:
tsohuwar kwamfutar da na bar mata
tana kawo muryar Sabi'u daga Kumasi,
guntu-guntu, kamar ana gutsura mata ƙuli-ƙuli,
ita kuwa tana ta cewa,
"Ina jin ka, auta, ci gaba."

Na ja kunnen Nafi'u, na rufe tawa.

Biyun dare, sanyin Jos ya kwantar da gida,
ruwan ya zo da ƙarfinsa,
ni kaɗai a bakin famfo, cikin bargo.