Ɗakinmu Mai Taya Goma Sha Takwas

Mun mayar wa mai gida makullinsa a Columbus.
Kujerun da muka ci bashi muka saya,
wata 'yar Somaliya ta kwashe su a rabin kuɗi.
Abin da ya rage ya shige jaka uku
da tukunyar lantarki.

Katifa ɗaya ce a bayan kujera, Tanimu,
amma yaushe rabon mu haɗu a kanta?
In na karɓi sitiyari, kai ka ja labule.
In na zo kwanciya
ɗumin jikinka kaɗai nake tararwa.

Daren jiya iska ta riƙa bangazar tirela
kamar mai neman rigima.
Na ƙanƙame da hannu biyu,
na karanto duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa,
kai kuwa ko munsharinka bai sauya ba.
Haushi ya kama ni.
Sai can na gane: wanda ya iya barci ina tuƙi
ya ba ni abin da ya fi sadaki.

Asuba ta riske mu a gidan mai kusa da Rawlins.
Waya ta ce alƙibla tana bayan wata motar shanu.
Muka shimfiɗa kwali kan ƙanƙara,
goshi na zafi don sanyi.

Inna ta kira, wai a wane gari muke zaune yanzu?
Na ce yau dai Wyoming, gobe sai Allah.
Ban gaya mata ba
abincin karnuka muka ɗauko, tan ashirin,
kuma ana jiran mu kafin la'asar.